BABI NA UKU: ZAƁEN FARFELA DOMIN JIRGIN RUWA MAI FEDA

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan gangar jikin jirgin ruwa mai tafiya da ƙarfin ɗan'adam, da yadda tsawonsa da faɗinsa da nauyin kayan da ya ɗauka suke ƙara masa turjiyar ruwa ko su rage ta. A wannan babi kuwa, za a mayar da hankali ne a kan farfela, wato na'urar da take karɓar ƙarfin ƙafafun matuƙi ta mayar da shi tafiya. Za a duba ma'anarta da taƙaitaccen tarihinta, sannan a bi abubuwan da ake la'akari da su wajen zaɓenta ɗaya bayan ɗaya, tare da misalai na lissafi. Manufar babin ita ce a nuna cewa zaɓen farfela yana farawa ne daga sanin ƙarfin mutumin da zai taka feda da kuma turjiyar jirgin da zai tuƙa. Sai an san waɗannan abubuwa biyu ne za a iya cewa ga farfelar da ta dace.

3.1 Ma'anar Farfela da Kalmomin da Suka Shafe Ta

Farfela wata na'ura ce mai fukafukai biyu ko fiye, waɗanda aka kafa a jikin cibiya guda. Idan ta juya takan tura ruwa baya, shi kuma ruwan ya tura jirgi gaba, kamar yadda ka'ida ta uku ta motsi ta Isaac Newton ta tanada. Kowane fiffike yana aiki ne tamkar fiffiken jirgin sama. Yayin da yake yanka ruwa a karkace, matsin ruwa yakan ragu a fuskarsa ta gaba ya kuma ƙaru a ta baya, to wannan bambanci shi ne yake ingiza jirgi. Domin sauƙaƙa bayani, ga yadda aka yi amfani da wasu kalmomi a cikin wannan aiki:

i. Faɗi: awon da'irar da bakin fukafukai suke zanawa, daga wannan gefe zuwa wancan.

ii. Taku: nisan da farfela za ta ci gaba a juyi guda da a ce cikin abu mai tauri take shiga, kamar yadda sukuru yake shiga katako.

iii. Zamiya: bambancin da ke tsakanin taku da ainihin nisan da jirgi ya ci a juyi guda, domin shi ruwa yana kaucewa.

iv. Turi: ƙarfin da farfela take ingiza jirgi da shi. Ana auna shi da nuton, kuma nauyin kilo 1 ya yi daidai da nuton 9.8.

v. Nagarta: kason ƙarfin da ya zama tafiya daga cikin ƙarfin da aka ba farfela. Idan aka ba ta wat 100, wat 80 suka tafi ga tura jirgi, to nagartarta kashi 80 cikin 100 ke nan.

3.2 Taƙaitaccen Tarihin Farfela

A shekarar 1836 ne Francis Pettit Smith da John Ericsson suka yi wa farfelolinsu rajista a Ingila, kowa da nasa tsarin. Farfelar Smith ta farko ta katako ce, doguwa, mai zagaye biyu kamar sukuru. A wani gwaji da ya yi a shekarar 1837 sai wani ɓangare nata ya karye, amma maimakon jirgin ya rage gudu sai ya ƙara. Wannan ya nuna cewa yawan jikin fiffike a cikin ruwa asara yake jawowa, kuma darasi ne da za a sake komawa gare shi a gaba. A shekarar 1845 rundunar ruwan Ingila ta ɗaure jirage biyu baya da baya, wato Rattler mai farfela da Alecto mai ƙafafun tuƙi a gefe, aka sa su ja-in-ja, Rattler ya janye Alecto.

Ta fuskar nazari, W. J. M. Rankine a 1865 da R. E. Froude a 1889 su ne suka shimfiɗa ra'in da yake bayyana dangantakar faɗin farfela da nagartarta. Albert Betz na Jamus ya fito da sharaɗin farfela mai ƙarancin asara a 1919. Daga baya Eugene Larrabee na jami'ar MIT da ke Amurka ya sauƙaƙa wannan lissafi, har aka yi amfani da hanyarsa wajen tsara farfelar jirgin sama mai feda, Gossamer Albatross, wanda Bryan Allen ya tsallaka mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa da shi ranar 12 ga Yuni, 1979. Wannan hanya ce masu ƙera jiragen ruwa masu feda suka ara, tun da matsalar tasu iri ɗaya ce, wato ƙarancin ƙarfi.

3.3 Ƙarfin Ɗan'adam a Matsayin Inji

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, mutum ƙaramin inji ne ƙwarai. Ƙarfin doki guda, kamar yadda ake auna injuna, wat 746 ne. Shi kuwa mutum mai matsakaiciyar lafiya, abin da zai iya bayarwa a kan feda na tsawon awoyi bai wuce wat 100 zuwa 150 ba. Ƙwararren ɗan tseren keke yakan riƙe wat 300 ko fiye na tsawon awa guda, amma wannan ba abin dogaro ba ne ga mai tsara jirgin zirga-zirga. Ke nan, ɗan ƙaramin injin kwalekwale mai ƙarfin doki 2 ya ninka mutum sau goma.

Abu na biyu shi ne, ƙafa tana da saurin da ta fi jin daɗin aiki da shi, wato juyin feda 60 zuwa 90 a minti. Idan aka yi ƙasa da haka sosai gwiwa takan wahala, idan kuma aka haura numfashi yakan ƙare da wuri. Bugu da ƙari, ƙarfin ƙafa ba ya zuwa bai ɗaya, domin a kowane juyi akwai wurare biyu da feda take miƙewa sama da ƙasa, inda taku ba ya da tasiri sosai.

Domin a ga muhimmancin nagarta, sai a ɗauki jirgin da yake da turjiyar nuton 40 a gudun mita 2.5 a daƙiƙa, wato kilomita 9 a awa. Ƙarfin da ake buƙata shi ne turi sau gudu, wato wat 100. Idan nagartar farfela kashi 80 ce, sai an ba ta wat 125. Idan kuwa kashi 60 ce, sai an ba ta wat 167. Na farko aiki ne da mutum zai iya wuni yana yi, na biyu kuwa zai gajiyar da mafi yawan mutane tun kafin a yi nisa. Abin lura a nan shi ne, bambancin ya fi fitowa a gajiya fiye da a gudu. Dalili kuwa, ƙarfin da siririn jirgi yake buƙata yana hauhawa ne kusan daidai da gudu sau gudu sau gudu, don haka tashi daga kashi 60 zuwa 80 ba zai ƙara gudu da fiye da kimanin kashi 10 cikin 100 ba. A doguwar tafiya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Alal misali, Jason Lewis da Steve Smith sun shafe kwana 111 suna taka fedar jirginsu mai suna Moksha kafin su tsallaka tekun Atilantika daga Fotugal zuwa Miami tsakanin 1994 da 1995. A irin wannan tafiya, kowane kashi 10 na gudu yana nufin kwanaki da dama na abinci da ruwan sha.

3.4 Abubuwan La'akari Wajen Zaɓen Farfela

3.4.1 Faɗin Farfela

Farfela tana iya samar da turi ta hanya biyu: ko dai ta tura ruwa kaɗan da sauri ƙwarai, ko kuma ta tura ruwa mai yawa a hankali. Turin zai iya zama ɗaya, amma asarar ba ɗaya ba ce, domin duk ruwan da aka bari a baya yana gudu ya tafi ne da wani kaso na ƙarfin matuƙi. Saboda haka hanya ta biyu ta fi, kuma faffaɗar farfela ce take bin ta. Ra'in Rankine da Froude ya ba da iyakar nagartar da farfela za ta iya kaiwa kamar haka:

Nagarta = 2 ÷ (1 + √(1 + K))

K = T ÷ (½ × N × F × G²)

A nan T tana nufin turi, N nauyin ruwa wato kilo 1,000 a kowace kubik mita, F filin da'irar farfela, G kuma gudun jirgi. Idan aka yi amfani da jirgin da aka ambata a 3.3, mai turjiyar nuton 40 a gudun mita 2.5 a daƙiƙa, ga abin da lissafi ya bayar:

Jadawali na 1: Faɗin farfela da iyakar nagarta
Santimita 10: kashi 76
Santimita 15: kashi 86
Santimita 20: kashi 91
Santimita 30: kashi 96
Santimita 40: kashi 98
Santimita 50: kashi 98

Wannan jadawali ya nuna abubuwa biyu. Na farko, ƙaramar farfela tana yin asara tun kafin a zo maganar gogayyar ruwa da jikin fiffike. Na biyu, ribar ƙarin faɗi tana raguwa, ta yadda daga santimita 30 ko 40 zuwa sama kusan babu wani abin da ake ƙaruwa da shi. Hasali ma, idan faɗi ya wuce kima bakin fiffike yakan yi doguwar tafiya a cikin ruwa, gogayya ta ƙaru, ta cinye ɗan abin da aka samu. Ya kamata a tuna cewa alƙaluman jadawalin iyaka ce ta lissafi. Idan aka cire asarar gogayya da ta murɗawar ruwa, farfela mai kyau takan tsaya ne a wajen kashi 80 zuwa 85.

Lamarin yakan sauya idan jirgi mai nauyi ne. A ɗauki jirgin da ya ɗauki mutane da kaya, mai turjiyar nuton 80 a gudun mita 1.5 a daƙiƙa. A nan farfela mai santimita 20 ba za ta wuce kashi 71 ba, mai santimita 40 za ta kai kashi 89, mai santimita 50 kuwa kashi 92. Daga nan za a fahimci cewa gwargwadon nauyin jirgi da rashin gudunsa, gwargwadon buƙatarsa ga faffaɗar farfela. Daidai ruwa daidai tsaki, in ji Hausawa.

3.4.2 Taku da Zamiya

Taku a wurin farfela tamkar giya ne a wurin keke. Dogon taku yana cin nisa a kowane juyi amma yana da nauyi a ƙafa, gajeren taku kuwa yana da sauƙi amma sai an yawaita juyi. Ana samun takun da ya dace ne ta hanyar raba gudun jirgi da yawan juyin farfela, sannan a ƙara kason zamiya.

Alal misali, idan matuƙi yana juya feda sau 70 a minti, giya kuma tana ninka juyin sau 5, farfela za ta yi juyi 350 a minti, wato 5.83 a daƙiƙa. Jirgin da yake cin mita 2.5 a daƙiƙa zai ci santimita 43 ke nan a kowane juyi. Idan aka ba da zamiya ta kashi 14 cikin 100, takun da ake nema shi ne santimita 50. Wato farfela mai faɗin santimita 40 da takun santimita 50, inda taku ya ɗara faɗi. Wannan siffa ce da aka san farfelolin jiragen feda masu gudu da ita.

Wasu sukan ɗauka cewa zamiya aibi ce da ya kamata a kawar da ita baki ɗaya. Wannan kuskure ne. Zamiya ita ce take ba fiffike ɗan karkacen da yake kama ruwa da shi, kuma farfelar da ba ta da zamiya ko kaɗan ba ta samar da turin kirki. Abin gudu shi ne ta yi yawa, domin idan karkacen ya wuce kima ruwa yakan rabu da bayan fiffike, farfela ta koma dama ruwa kawai. Ana ganin haka lokacin tashi daga tsaye, inda feda takan yi nauyi kafin jirgi ya ɗauki gudu.

Haka kuma, taku ne yake bayyana dalilin da ya sa fiffike yake a murɗe. Bakin fiffike yana zagaya babbar da'ira, gindinsa yana zagaya ƙarama, amma dole su ci gaba da nisa ɗaya a kowane juyi. A farfelar da aka yi misali da ita, karkacen fiffike a nisan santimita 5 daga tsakiya digiri 58 ne, a santimita 15 digiri 28, a baki kuwa digiri 22. Duk fiffiken da aka yanka daga shimfiɗaɗɗen ƙarfe aka liƙa ba tare da an murɗa shi ba, to wani ɗan sashe nasa ne kawai yake aiki, sauran kuwa birki ne.

3.4.3 Giya

Ba a iya raba zaɓen farfela da zaɓen giya. Gatarin feda yana kwance ne a gicciye, sandar farfela kuwa tana bin tsawon jirgi, don haka dole a karya juyin da digiri 90. Ana yin haka ko dai da murɗaɗɗiyar sarƙa, ko kuma da giya mai haƙora a karkace. Idan aka haɗa babban faranti mai haƙora 50 da ƙarami mai haƙora 20 an ninka juyi sau 2.5, idan kuma giyar kwana ta sake ninkawa sau 2, an sami sau 5 da ake buƙata. Kowane mataki na giya yana cin wani abu daga ƙarfin matuƙi, saboda haka farfelar da take aiki da ƙarancin juyi tana da wata riba ta daban, wato ba ta buƙatar matakai da yawa. Wani amfanin sarƙa shi ne, idan taku ya ɗan yi yawa ko ya gaza, sauya ƙaramin faranti ya fi sauƙi da araha a kan sake farfela.

3.4.4 Yawan Fukafukai da Siffarsu

Farfelolin jiragen inji sukan kasance da fukafukai uku zuwa biyar masu faɗi kamar kunnen giwa. Dalilin haka shi ne, suna ɗaukar ƙarfi mai yawa a ɗan ƙaramin fili. Idan matsi ya ragu ƙwarai a fuskar fiffike ruwa yakan tafasa ba tare da wuta ba, ya yi kumfar tururi, turi ya ragu, ƙarfe kuma ya riƙa zaizayewa. Faɗaɗa fiffike shi ne maganin wannan. Amma a jirgin feda, inda turi bai wuce nauyin kilo 4 zuwa 8 ba, kuma bakin fiffike ba ya wuce mita 8 a daƙiƙa a misalin da aka bayar, wannan matsala ba ta tasowa. Saboda haka faɗin fiffike ba ya ƙara komai sai gogayya, kamar dai yadda karyewar farfelar Smith ta nuna.

Abin da ya dace shi ne fukafukai biyu, dogaye, sirara, masu ɗan lanƙwasa a fuska da santsin jiki, waɗanda suke tsukewa zuwa baki. Wannan ne ya sa masu haɗa jiragen feda da hannunsu sukan yi amfani da farfelar ƙananan jiragen sama na wasa, musamman masu dogon taku, kamar mai faɗin inci 16 da takun inci 16. Sai dai kuma ba don ruwa aka ƙera su ba, sukan lanƙwashe ko su karye idan aka taka feda da ƙarfi farat ɗaya. Iyakar siranta fiffike ita ce ƙarfin abin da aka yi shi da shi.

3.4.5 Zurfin Ruwa da Ciyayi

Duk abin da lissafi ya bayar, sai ruwan da za a shiga ya amince. Farfela tana buƙatar nutsewa sosai, domin idan bakinta ya kusanci saman ruwa takan zuƙo iska, feda ta yi sako-sako, turi ya ɓace. Farfela mai santimita 40 da aka nutsar da bakinta santimita 10 tana buƙatar ruwan da ya haura rabin mita. Karkata sandar farfela ƙasa domin a sami zurfi shi ma yana da asara, tun da fiffike mai sauka da mai hawa ba za su kama ruwa daidai ba, kuma sandar da madogararta suna ƙara turjiya. An fi so sandar ta kwanta daidai da tafiyar ruwa gwargwadon iko.

Ciyayi su ne babbar matsala ta biyu. Ɗan zaren ciyawa guda da ya maƙale a gaban siririn fiffike ya isa ya ɓata kwararar ruwa a kansa, kuma mutum ba ya da rarar ƙarfin da zai tsinka shi kamar yadda inji yake yi. Ana rage wannan matsala ta hanyar lanƙwasa gaban fiffike zuwa baya domin ciyawa ta zame, ko a yi fukafukai masu naɗewa idan an daina taka feda, ko kuma a tsara farfelar ta yadda matuƙi zai iya ɗago ta ya share daga inda yake zaune. A ruwayen da kachalla ko kainuwa suka mamaye, irin na dausayin Haɗeja da Nguru, ko wuraren da ruwa yake janyewa da rani, dogaro da farfela kaɗai ganganci ne. A can filafili da gora suna da fifikon da lissafin nagarta ba ya nunawa.

3.4.6 Kayan Ƙira

Ana yin farfela da katako ko alminiyum ko ƙarfe marar tsatsa ko roba mai tauri ko zaren kabon. Katako yana da sauƙin sassaƙa amma sai an yi shi da kauri. Ƙarfe marar tsatsa yana jure karo, kuma maƙeri zai iya murɗa shi ya goge, in dai an ba shi awon karkace a wurare uku ko huɗu. Zaren kabon ya fi kowanne siranta da ƙarfi, sai dai tsada da wuyar gyara. Ko da wanne aka yi, wajibi ne fukafukan biyu su zama daidai a nauyi da karkace, kuma yana da kyau a sa ɗan ƙusa mai rauni a cibiya wanda zai karye idan an yi karo da dutse, domin giya ta tsira.

3.5 Dalilin da Ya Sa Farfelar Inji ba ta Dace ba

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauko farfelar ƙaramin injin kwalekwale a ɗaura wa feda, saboda ita ce ta fi samuwa a kasuwa. Ita wannan farfela an tsara ta ne domin juyi dubu biyu ko fiye a minti. A ce takunta santimita 18 ne, to kafin ta kai jirgi mita 2.5 a daƙiƙa da zamiyar kashi 15, sai ta yi juyi kusan 980 a minti. Wannan yana nufin giyar da za ta ninka juyin feda sau 14. A nan asara uku ce ta haɗu: ta ƙarancin faɗi, ta gogayyar faffaɗan fukafukai, da ta yawan matakan giya. Jirgi zai tafi, amma matuƙi ne zai biya bambancin da guminsa.

3.6 Matakan Zaɓe da Gwaji

Bisa ga bayanan da suka gabata, za a iya tsara aikin zaɓe a matakai kamar haka:

i. A ƙayyade ƙarfin matuƙi da juyin fedar da zai iya riƙewa tsawon tafiyar da aka nufa.

ii. A auna turjiyar jirgi. Hanya mai sauƙi ita ce a loda masa nauyin da zai riƙa ɗauka, a ja shi da igiya a bayan wani jirgi, a rataya sikeli a tsakani, a karanta nauyin a gudu daban-daban. Kilo 4 a sikeli yana nufin kusan nuton 40.

iii. A fitar da gudun da ƙarfin matuƙi zai iya kaiwa, tare da ɗaukar cewa kimanin kashi 75 cikin 100 na ƙarfinsa ne zai zama tafiya bayan an cire asarar giya da ta farfela.

iv. A zaɓi faɗi mafi girma da zurfin ruwa zai bari, ba tare da wuce inda riba take ƙarewa ba.

v. A lissafa taku da giya tare. Akwai manhajojin kwamfuta irin su JavaProp, ta Martin Hepperle, waɗanda suke fitar da faɗi da karkacen fiffike a kowane nisa daga cibiya.

vi. A gwada a ruwa. A auna gudu da na'urar GPS, a ƙirga juyin feda a minti, a yi tafiyar zuwa da dawowa domin a soke tasirin iska da kwararar ruwa. Idan feda ta yi sauƙi har juyi ya wuce kima, a ƙara taku ko giya. Idan ta yi nauyi har ba a iya kai juyi 60, a rage.

3.7 Darasi Daga Jirgin Decavitator

Misalin da ya fi fito da ka'idar faɗi fili shi ne jirgin Decavitator, wanda aka ƙera a jami'ar MIT. Jirgi ne mai fukafukai a ƙarƙashin ruwa, waɗanda suke ɗaga gangar jikinsa sama idan ya ɗauki gudu. Ranar 27 ga Oktoba, 1991, Mark Drela ya tuƙa shi a kogin Charles da ke Boston, ya kai gudun mita 9.53 a daƙiƙa, wato kimanin kilomita 34 a awa, a tazarar mita 100. Abin sha'awa shi ne, farfelarsa a cikin iska take juyawa, kuma faɗinta ya kai kimanin mita 3. Masu ƙirar sun zaɓi haka ne domin su kauce wa turjiyar sanda da madogara a cikin ruwa. Da yake ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, dole ne farfelar iska ta kama fili mai yawa kafin ta sami abin da za ta tura. Ka'idar dai ɗaya ce da ta Jadawali na 1. Amma wannan zaɓi ya dace ne da gajeren tsere a ruwa mai kwanciya. Jirgin da zai fuskanci iska da igiyar ruwa, ko wanda zai ɗauki kaya, buƙatarsa daban ce.

3.8 Kammalawa

A wannan babi an yi ƙoƙarin bayyana yadda ake zaɓen farfela domin jirgin ruwa mai feda. An nuna cewa ƙarfin mutum bai wuce wat 100 zuwa 150 ba a doguwar tafiya, don haka farfelar da ta dace da shi ita ce mai faɗi, mai juyi a hankali, mai sirara kuma murɗaɗɗun fukafukai biyu, wadda takunta ya yi daidai da gudun jirgi da juyin ƙafa. Ga siririn jirgi mai ɗaukar mutum guda, lissafi ya nuna faɗin santimita 30 zuwa 40 da juyi 350 a minti sun wadatar, jirgi mai nauyi kuwa yana buƙatar fiye da haka a faɗi. An kuma ga cewa zurfin ruwa da ciyayi suna iya tilasta a sassauta wa lissafi. A babi na gaba za a duba yadda ake haɗa feda da sarƙa da sandar farfela a jikin jirgi.